Daga Zane Zuwa Kalma: Matsayin Harshe a Neman Tallafin Karatu da Bincike a Ƙasashen Waje ga Ɗalibin Zane

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1962 Ladi Kwali ta je Ingila ta nuna wa masu sana'ar yumɓu na can yadda ake gina tulu da hannu irin na ƙasar Gwari, sannan a 1972 ta zaga Amurka a kan wannan aiki. Abin da ya kai ta waɗannan wurare shi ne aikin hannunta, da kuma shaidar Michael Cardew, Baturen da ta shiga cibiyarsa ta koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954. Duk wanda ya ga tulun ya ga gwanintar, kuma ga mai faɗa a ji ya tsaya mata. Amma ɗalibin da ya kammala digiri a sashen zane da sassaƙa na Zariya ko Nsukka ko Ile-Ife ko Maiduguri a yau, idan yana son ya ƙaro ilimi ko ya yi bincike a wata ƙasa da kuɗin tallafi, hanyarsa dabam ce. Waɗanda za su yanke masa hukunci ba su taɓa ganinsa ba, hannunsu ba zai kai ga aikinsa ba, kuma mai yiwuwa ne ko sunan garinsu ba su taɓa ji ba. Abin da ke gabansu 'yan hotuna ne a fuskar kwamfuta, da shafi biyu ko uku na rubutu.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda ake neman irin wannan tallafi, ta kuma nuna cewa a cikin lamarin akwai wani aiki na harshe wanda ba kasafai ake koyar da shi ba. Mai nema yakan yi fassara iri biyu. Ta farko ita ce juya abin da ido ke gani zuwa kalma. Ta biyu kuwa ita ce juya kalmomin sana'a daga harshen da aka raine su a ciki zuwa harshen mai ba da kuɗi, wanda galibi Ingilishi ne ko Jamusanci ko Faransanci. An ɗauko yawancin misalan daga sana'o'in Hausawa, sai dai matsalar ba ta ƙyale ɗalibin da ke aiki a kan rinin adire na Yarabawa ko zanen uli na Ibo ba.

Tun kafin a yi nisa, ya kamata a warware wata kalma. Asalin kalmar "fasaha" Larabci ne, inda take nufin iya magana da zalaƙa. Hausa ta faɗaɗa ta zuwa hikima da gwaninta a kowane aiki, daga baya kuma makarantu da gidajen rediyo suka ɗora mata wani nauyin, aka riƙa cewa "kimiyya da fasaha" ana nufin ƙere-ƙere da aikin injiniya. Saboda haka idan aka ce "ɗalibin fasaha" a yau, da yawa za su zaci mai koyon haɗa injina ake nufi. Don kauce wa wannan ruɗani, an zaɓi a ce "ɗalibin zane", kuma ana nufin duk mai karatun zane da fenti, ko sassaƙa, ko ginin yumɓu, ko saƙa da rini, ko ɗaukar hoto, ko tarihin waɗannan fannoni.

2.0 Masu Ba da Tallafi da Abin da Suke Nema

Fitar masu zane na Nijeriya zuwa karatu waje ba sabon abu ba ne. Aina Onabolu ya tafi Landan a 1920, ya zarce Faris, ya dawo a 1922. Ben Enwonwu ya tafi Ingila a 1944 da tallafin da kamfanin mai na Shell ya sa hannu a ciki, ya yi karatu a makarantar Slade. Clara Ugbodaga-Ngu, wadda aka haifa a Kano, ta yi karatu a makarantar zane ta Chelsea a Landan kafin ta dawo ta koyar a Zariya. A wancan zamani, wanda ya ga aikin mutum ya yaba shi ne ke buɗe masa ƙofa. Tsarin da ake bi yanzu, na cika fam da gasa tsakanin dubban masu nema, ya kankama ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu: an kafa shirin Fulbright na Amurka a 1946, na Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila a 1959, sannan Chevening a 1983.

Abin lura na farko shi ne, babu kuɗin da ba shi da manufa. Tarihin zane a Nijeriya ma ya nuna haka a fili. Kulob ɗin Mbari da aka buɗe a Ibadan a 1961, inda marubuta da masu zane na wancan lokaci suka riƙa haɗuwa, ya samu kuɗi daga wata ƙungiyar raya al'adu mai hedikwata a Faris, wadda aka gano a tsakanin 1966 da 1967 cewa hukumar leƙen asiri ta Amurka ce ke ɗaukar nauyinta. Wannan bai rage darajar ayyukan da aka yi a Mbari ba, amma ya isa ya tuna wa mai nema cewa ya wajaba ya san wanda zai ba shi da dalilin bayarwar. Masu bayarwa na yau dai ba sa ɓoye manufarsu. Tana nan rubuce a cikin sanarwarsu, sai dai ɗalibai kan yi gaggawar wuce ta su tafi ga fam.

Alal misali, Chevening na neman waɗanda za su zama jagorori a ƙasashensu. Digiri na biyu ne na shekara ɗaya a Ingila, ana buƙatar mai nema ya yi aiki na aƙalla shekara biyu, ya zaɓi kwasa-kwasai uku, ya kuma amince zai koma gida ya zauna aƙalla shekara biyu bayan ya gama. Tambayoyin da ake amsawa a rubuce sun shafi jagoranci da hulɗa da jama'a da shirin mutum na gaba, ba kyan zanensa ba. Tallafin Ƙasashe Renon Ingila kuwa, wanda a Nijeriya ake bi ta Hukumar Ba da Tallafin Karatu ta Tarayya, ya rataya ne a kan ci gaban ƙasashe masu tasowa, don haka ɗalibin zane ba zai samu shiga ba sai ya nuna alaƙar karatunsa da abubuwa irin su samar da sana'a ko ilimi ko zaman lafiya. Kason Nijeriya a shirin Fulbright ya daɗe yana karkata ga ƙananan malaman jami'a masu digiri na uku, waɗanda kan je Amurka su yi wasu watanni suna bincike, sannan su dawo su kammala a jami'arsu ta gida. Wannan ya fi dacewa da mai nazarin tarihin zane fiye da mai aiki da buroshi.

Inda aka keɓe wa masu zane nasu gurbi shi ne Jamus. Hukumar musayar ɗalibai da malamai ta ƙasar, wadda aka kafa a 1925 kuma aka fi sani da DAAD, tana da tallafi na musamman ga masu digirin farko a zane da tsara kayayyaki da fim. Kwamitin da ke zaɓe na malaman makarantun zane ne, kuma samfurin aikin mai nema shi ne babban ma'auni. A bisa ƙa'ida, kada digirin ya wuce shekara shida da samu. A 2023 kuɗin wata na mai digiri na biyu Yuro 934 ne. Akwai wani abu da ɗalibai kan rasa gane shi: samun tallafin dabam, samun gurbi a makaranta dabam, kuma mai nema ne zai nemi gurbin da kansa. A tsofaffin makarantun zane na Jamus, irin ta Düsseldorf da ta Städel a Frankfurt, ɗalibi yana shiga ajin farfesa guda ne ya zauna a hannunsa, kusan kamar yadda yaro ke zama a gaban maigidansa a maƙera ko a majema. Ke nan ba makaranta kawai ake nema ba, har da mutumin da zai karɓi ɗalibin.

Akwai kuma zaman aiki na ɗan lokaci, wanda ba ya kai ga digiri. Cibiyar Rijksakademie ta Amsterdam, alal misali, kan ba mai zane ɗakin aiki da kayan aiki da masu ba da shawara har shekara biyu. Otobong Nkanga, wadda aka haifa a Kano a 1974, ta yi karatu a Ile-Ife da Faris, ta zauna a wannan cibiya, kuma daga baya ta gina ɗaya daga cikin sanannun ayyukanta a kan goro. Wasu kyaututtukan kuwa ba a nemansu sam, sai dai a gabatar da sunan mutum, kamar kyautar MacArthur da Njideka Akunyili Crosby ta samu a 2017. Wasu kuma sun rufe. Shirin tallafa wa nazarin al'adu da adabi a Afirka da gidauniyar Carnegie ta ɗauki nauyi tun 2008, wanda malaman Nijeriya da dama suka amfana da shi, ya riga ya kammala. A gida ma, asusun TETFund ya ba da sanarwa a ƙarshen 2024 cewa ya dakatar da ɓangaren tura malamai karatu waje daga Janairun 2025.

3.0 Takardu da Lokaci

Wannan ɓangare ba shi da wata sarƙaƙiya, amma a nan ne da yawa ke faɗuwa. Yawancin shirye-shiryen nan suna rufe karɓar takardu kusan shekara guda kafin a fara karatu, wato wanda ke son tafiya a watan Oktoba zai miƙa takardunsa ne tun kakar shekarar da ta gabata. Kafin nan yana bukatar fasfo, da shaidar digiri, da cikakken sakamakon jarrabawarsa daga jami'a, wanda fitar da shi kan ɗauki lokaci, da wasiƙun malamai biyu ko uku. Wasiƙar da malami ya rubuta cewa ɗalibi yaron kirki ne mai ladabi ba ta da nauyi a wurin irin wannan kwamiti. Wadda ta ambaci wani aiki takamaimai ta faɗi abin da ya bambanta shi ita ce ake karantawa sau biyu. Wasu jami'o'in Ingila kan karɓi sakamakon Ingilishi na WAEC, wasu kuwa sai an rubuta jarrabawar IELTS ko TOEFL. Kuɗin waɗannan jarrabawa ya yi tsada ƙwarai tun da aka saki farashin Naira a Yunin 2023, inda Dala ta tashi daga wajen Naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda kuma zai fita da wani tsohon kayan gargajiya don nazari, dokar 1979 ta wajabta masa neman izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa.

4.0 Fassara ta Farko: Daga Ido Zuwa Kalma

Kundin ayyuka shi ne jerin hotunan abin da mai nema ya yi. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne zuba duk abin da aka yi tun daga aji ɗaya, don a nuna an iya kome: ga zanen fuska, ga kasuwa, ga tukunya, ga tambarin kamfani. Irin wannan kundi yana nuna ɗalibi mai biyayya ga aikin aji. Abin da kwamiti ke nema kuwa shi ne mutumin da wata tambaya ta dame shi har ya yi ta komawa kanta. Ayyuka goma da ke bin zare ɗaya sun fi talatin da ke warwatse. Haka kuma hoton kansa wani nau'in fassara ne. Darajar baƙin turkuɗi irin na Kura tana cikin ƙyallin da bugu ya ba shi, kuma hoton da aka ɗauka da walƙiyar waya zai iya mayar da wannan ƙyalli wani farin tabo, ko ya kashe shi gaba ɗaya. A ƙarƙashin kowane hoto ana son suna da shekara da kayan da aka yi amfani da su da girman aikin a santimita, domin mai kallo a fuskar kwamfuta ba shi da hanyar sanin ko abin da yake gani ya kai tafin hannu ko ya cika bango.

Sai kuma bayanin da mai zane zai yi a kan aikinsa. A nan ne al'ada ke shigowa. Wanda ya tashi a gidan da ake cewa yabon kai jahilci ne, aka koya masa kunya da kawaici, aka kuma koya masa cewa wasiƙa zuwa ga manya tana farawa da doguwar gaisuwa ta ƙare da roƙo, zai ga wannan rubutu ya saɓa wa tarbiyyarsa. Sau da yawa sai ya rubuta takardar roƙo: yana bayyana talaucinsa, yana gode wa masu bayarwa tun kafin su bayar, yana alkawarin ba zai ba su kunya ba. Wani kuma, da aka ce masa Turawa na son mai tallata kansa, sai ya zarce ya koma kirari, ya cika shafi da siffofi, wai shi mai hazaƙa ne, mai kishi, mai hangen nesa. Duka biyun ba su faɗi kome a kan aikin ba.

Mafita tana cikin nahawu. Rubutun da ke gamsar da kwamiti ya fi dogara ga aikatau fiye da siffa. A ɗauka ɗaliba ce da ke aiki da shuni. Idan ta rubuta cewa ta yi wata shida tana zuwa marina, ta koyi haɗa baba da toka, ta gwada rina takarda maimakon ƙyalle, takardar ta riƙa yagewa a tsomi na uku, kuma wannan matsala ce take son ta warware, to ta faɗi abin da ta yi da abin da ya gagare ta da abin da take nema, ba tare da ta yabi kanta ko ta ƙasƙantar da kanta ba. Wannan salo bai ci karo da kunya ba, domin labarin aiki ne ake bayarwa.

Daftarin bincike kuma dole ya amsa wata tambaya da masu nema kan tsallake, wato me ya sa sai can. Cewa ƙasar ta ci gaba ba amsa ba ce. Amsa ita ce a nuna wani abu da ke can wanda babu shi a nan. Mai nazarin ɗinkin babbar riga zai iya cewa Gidan Tarihi na Birtaniya yana ajiye da tsofaffin riguna na ƙasar Hausa da Nufe da yake son ya gwada da na yanzu. Mai nazarin masu zanen Oshogbo zai iya ambaton gidan Iwalewa na Jami'ar Bayreuth, wanda Ulli Beier ya kafa a 1981, inda ake ajiye da ayyukansu.

5.0 Fassara ta Biyu: Kalmomin Sana'a

Wannan ita ce matsalar da ta fi shafar masana harshe. Sana'o'in Hausawa suna da kalmominsu, kuma kowace kalma tana ɗauke da ilimin yadda ake yin abin. Idan aka musanya ta da kalmar Ingilishi mafi kusa, sau da yawa ilimin ne ke zubewa. Makuba, alal misali, ba shafe ba ce kawai. Ana samun ta ne daga ɓawon ɗorawa, kuma aikinta shi ne ta kare bangon ƙasa daga ruwan sama. Wanda ya fassara ta da kalmar da ke nufin yaɓe ya shafe dalilin da zai sa mai nazarin kayan gini ya tsaya ya saurara. Zayyana kuma ba kowane ado ba ne. Ita ce ƙawar da ake yi wa Alƙur'ani rubutun hannu da allon mai sauka, tana da nata siffofi da launuka da wuraren da ake sa ta. Haka nan aska takwas da aska biyu, sunayen ɗinki a gaban babbar riga: idan aka fassara su kalma da kalma, baƙon mai karatu zai iya zaton makamai ake nufi, alhali siffofi ne masu tsini da aka kamanta da askar wanzami. David Heathcote, wanda ya yi bincike a kan ɗinkin Hausawa a Jami'ar Ahmadu Bello kuma ya shirya baje kolin sana'o'in Hausawa a Landan a 1976, ya bar waɗannan sunaye a yadda suke ya yi musu bayani.

Tarihi ya nuna abin da rasa suna ke jawowa. Fatar jar akuya da majeman Sakkwato da Kano suka jeme ta ratsa Hamada ta isa Turai ta hannun fataken Magrib, sai Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, suka yi ta yin bangon littattafai da ita. Ingancin ya isa can, amma sunan masu aikin ya tsaya a hanya.

Akwai kuma kalmomin da matsalarsu ta wuce ta ma'ana ta kai ga rabe-raben ilimi. Al'adar Turai ta raba masu aikin hannu gida biyu, ta ɗaga mai zane da sassaƙa ta kira aikinsa fasaha tsantsa, ta ajiye maƙeri da marini da baduku a matsayin masu sana'a. Hausa ba ta yi wannan rabo ba. Gwani gwani ne, ko a gini, kamar Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a farkon rabin ƙarni na 19, ko a haddar Alƙur'ani da rubuta shi da ka. Amma fam ɗin tallafi yana da gurabe, kuma dole mai nema ya zaɓi ɗaya. Ɗalibin da ke aiki da fata ko da zare yana iya samun kansa a gurbin da ba a ware masa kuɗi ba, don kawai ya zaɓi kalmar da ta sa aka ɗauke shi mai yin kayan tsaraba. Ya kamata ya san da wannan rabo, ya kuma faɗa a fili ko yana amfani da dabarun dukanci ne wajen yin sabon aiki nasa, ko kuwa dukancin kansa yake nazari.

Masu nema kan faɗa ɗaya daga cikin kurakurai biyu. Wani ya share kalmomin gida duka don kada a ce bai iya Turanci ba, sai rubutunsa ya zama irin na kowa. Wani kuma ya cika shafi da su ba bayani, yana zaton baƙuntarsu za ta burge, har ya ƙara da cewa sana'ar tana gab da mutuwa kuma shi ne zai cece ta. Wannan da'awa ta ƙarshe tana bukatar hattara, domin akwai masu ɗinkin hannu a Zariya da marina a Ƙofar Mata ta Kano da ke ci da sana'arsu har yanzu, kuma a cikin kwamiti ba a rasa wanda ya san haka. Hanya madaidaiciya ita ce a zaɓi kalmomi kaɗan waɗanda bincike ya dogara a kansu, a bar su da Hausa, a yi wa kowace bayani sau ɗaya ta hanyar faɗin yadda ake yin abin, sannan a ci gaba da amfani da ita ba sauyi. Wannan hanya ta riga ta yi nasara a wasu harsunan ƙasar nan. Uche Okeke, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, bai fassara uli ba lokacin da ya koma Nsukka. Ya riƙe kalmar, shi da ɗalibansa suka yi ta aiki da ita suna rubutu a kanta, har ta zama kalmar da masanin zanen Afirka a ko'ina ya sani. Masu zane na Ife sun yi haka da kalmar ona a ƙarshen shekarun 1980. Babu wani dalili na harshe da zai hana zayyana ko dagi bin wannan sawu.

Daidaitacciyar Hausa ma tana da nata tarko a nan. Ba a nuna tsawon wasali da karin sauti a rubutun yau da kullum, don haka zane na ɗaurawa da zane na alƙalami rubutunsu ɗaya, haka baba na rini da baba mahaifi. Sannan wasu fama-faman intanet ba sa karɓar baƙaƙe masu lanƙwasa, sai ƙira ta koma kira, maƙeri ya zama wani abin da babu shi a ƙamus. Ga Bahaushe wannan ba matsala ba ce, domin muhallin magana yana warware masa. Amma baƙon da zai duba kalmar a ƙamus don ya tabbatar da abin da aka faɗa masa yana iya ɓacewa. Abin da ya fi shi ne a rubuta kalmomin daidai a cikin takardar da za a liƙa wa fam ɗin, inda baƙaƙen ba za su lalace ba.

6.0 Inda Masanin Harshe ke Shigowa

Ɗalibin zane ba shi da wurin da zai duba waɗannan kalmomi cikin sauƙi. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 suna ƙunshe da kalmomin sana'a masu yawa, amma a warwatse suke bisa jerin baƙaƙe, kuma wasunsu ma'anarsu ta motsa tun daga lokacin. Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da aka buga a 1990 ya shafi harshe da adabi da dabarun koyarwa ne, bai shafi sana'o'in hannu ba. Ga sassan harsunan Nijeriya da sassan zane a harabar jami'a ɗaya, amma da wuya a ga ɗalibin wannan ya leƙa wancan.

Akwai tallafin da ya dace da irin wannan haɗin gwiwa. A 2018 Gidan Tarihi na Birtaniya ya fara wani shiri da kuɗin gidauniyar Arcadia, wanda ke ba da tallafi don a adana ilimin yadda ake yin abubuwa da hannu, ta hanyar bidiyo da hoto da rubutu, a kuma ajiye sakamakon inda kowa zai iya dubawa kyauta. Aiki irin wannan yana bukatar wanda ya san abin da hannu ke yi da wanda ya san yadda ake rubuta abin da baki ya faɗa. A marina kaɗai, mai zane zai lura da launin ruwan da kaurinsa da yawan tsomi, shi kuwa masanin harshe zai rubuta sunan kowane mataki da aikatau ɗin da ke tafe da shi: yadda ake jiƙa baba, da juyawa da muciya, da abin da marini ke cewa idan ruwan ya nuna ko ya mutu, da yadda ake kwashe katsi a ƙona, a haɗa shi da dafara da gashin dabba a yi laso, sannan a bi ƙyallen zuwa mabuga. Daftarin irin wannan aiki ana son ya faɗi yadda za a nemi yardar masu sana'ar kafin a ɗauke su, da abin da za a biya su na lokacinsu, da yadda za a ambaci sunayensu a cikin abin da aka adana, da kuma inda za a ajiye kwafi a gida don su da 'ya'yansu su iya gani.